Taku na Arba'in da Ɗaya

Duk wanda ya koyi darar shahmat, wato ches, a hannun Turgun a garin Kokand, ko ya manta da komai, ba zai manta da ƙarar rularsa a kan tebur ba. Bai taɓa dukan ɗan kowa ba, tebur yake duka, amma wallahi sai ka gwammace kai ya doka ka huta. Kuma ba don ka yi wauta ka ba da dokinka a banza yake dukan ba. Wannan dariya zai yi maka, ya ce dokin ma ya huta da mahayi irinka. Abin da ke tayar masa da jijiyar wuya shi ne ka yi taku a allo ka ƙi rubutawa, ko ka rubuta ka goge, ko ka yi masa rubutu kamar kaza ta yi tono. "Allo mantuwa gare shi," haka yake cewa, "da an kwashe 'ya'yan dara magana ta ƙare. Takarda ce mai shaida." Shekara talatin da huɗu yana maimaita wannan magana a gidan darar garin, har waɗanda ya koya wa suka haifi nasu suka kawo masa, su ma ya maimaita musu.

Gidan darar wani gajeren tsohon gini ne a bayan lambun shaƙatawa, da murhun ƙarfe a tsakiyarsa, da ƙamshin koren shayi da warin jiƙaƙƙun riguna in sanyi ya shigo. Bana aka ce za a rushe shi, an gina sabon zaure mai gilasai a tsallaken titi. Da aka gaya wa Turgun, sai ya kwana uku yana faɗa da matarsa Saltanat a kan gishirin miya.

Kwashe kayan ya faɗa a kan Hulkar, ɗalibarsa ta da. Ta shigo gidan tana 'yar shekara bakwai da ƙananan kitso har gadon baya, ga shi yanzu ita ce alƙaliyar wasa ta lardin gaba ɗaya. Ita ta zo da dabarar ɗaukar hoton kowace tsohuwar takardar wasa da wayarta, wata manhaja ta karanta rubutun ta jera wasan daga farko har ƙarshe, ka ga 'ya'yan dara suna yawo a fuskar waya su kaɗai. Turgun ya tsani abin nan. Ya ce wasan da ba a ji ƙarar alƙalami a cikinsa ba kallon talabijin ne kawai. Duk da haka kullum yana gefenta yana miƙo mata takardu, yana ba ta labarin masu su: wannan ta wanzamin nan ce mai rubutu da hagu, wannan tabon man somsa ne, wato samosar garin, na wani direban jirgin ƙasa da bai taɓa cin wasa ba kuma bai taɓa fashin zuwa ba. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, amma rubutunsu na nan kamar jiya suka ajiye alƙalami, kuma Turgun yana kewarsu ƙwarai.

Ranar wata Talata Hulkar ta jawo akwatin matattun agogunan dara daga ƙarƙashin kabad, ta juye shi, sai ga wani ambulan ruwan ƙasa ya faɗo. An zana allo a bayansa, an nuna inda kowane ɗan dara yake, ga sa hannu uku a kan bakin da aka liƙe. Ta hure ƙura ta karanta.

"Ustoz, ga sunanku! Farare Reshat Ablayev, baƙaƙe Turgun Mirsoatov. Kuma ba a taɓa buɗe shi ba."

Turgun ya lalubi kujera ya zauna, ya ce gwiwarsa ce ta motsa.

A wancan zamanin, kafin na'ura ta zo ta lalata komai, in wasa ya kai awa biyar bai ƙare ba, ajiye shi ake yi sai gobe. Amma don kada ɗaya ya kwana yana nazari ɗayan ya kwana a duhu, wanda taku ke kansa ba ya takawa a allo. Rubuta takun zai yi a takardarsa a ɓoye, a saka takardun biyu cikin ambulan, a liƙe, su sa hannu, alƙali ya ajiye. Washegari ba a buɗewa sai abokin karawar ya zo ya zauna. In bai zo ba a kunna agogonsa, da awa ɗaya ta cika ya faɗi wasan.

Wannan ambulan na wasan ƙarshe ne na gasar gari, shekarar da Turgun yake da ashirin da tara, yana aiki a masana'antar man angurya. Shi ke kan gaba da rabin maki, canjaras ma ya ishe shi ya ɗauki kambu. Reshat kuwa sai ya ci. Kuma ba kambu kaɗai ba ne, don tsoho Natan Ilyich, mai kula da gidan darar kuma alƙalin gasar, zai ajiye aiki, an ce gwarzon shekarar shi zai gaje shi. Reshat ba wani ba ne illa amininsa tun bencin makaranta, Batatare daga cikin waɗanda aka kwaso iyayensu daga Kirimiya a taragun jirgi. Tare suka koyi darar, tare suka sha faɗan Natan Ilyich. Turgun ya ci cheburek ɗin mahaifiyar Reshat, wato fanke mai nama a ciki, har ta daina yi masa tayi, sai dai ta ajiye masa nasa kason a rufe.

A ranar zaure ya cika maƙil, har da na tsaye a taga. Da aka kai taku na arba'in da ɗaya, taku yana kan Turgun, sai ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Wani dakaren Reshat ya kusa kaiwa ƙarshen allo ya zama waziri, ɗan da ya fi kowane ƙarfi, Turgun ya duba gabas ya duba yamma bai ga abin da zai tare shi ba. Minti arba'in ya yi yana kallon allo. A ƙa'ida kwantar da sarkinsa zai yi, ya miƙa hannu, a tashi. To amma ga mahaifinsa a layin gaba. Mirsoat mai alewa, mutumin da ya shekara ashirin yana cewa shahmat sana'ar marasa aikin yi ce, ranar ce ta farko da ya rufe rumfarsa ya zo kallo. Bai san doki ba bai san giwa ba, yana dai zaune da sabuwar hula, yana zungurar na kusa da shi yana cewa wancan mai baƙaƙen ɗansa ne.

Turgun ya kasa. Ya ce a kawo ambulan, ya kare takardar da tafin hannu, a gurbin taku ya rubuta kalma biyu: "Na sallama." Lissafinsa gobe Litinin ce, kowa na wurin aiki, su uku kaɗai za su buɗe, ya sha kunyarsa a ɗaki.

Washegari ƙarfe goma ya zo, Natan Ilyich ya zo, kujerar Reshat ba kowa. Tsoho ya danna agogo ya koma gefe da jaridarsa. Awa guda Turgun ya yi yana sauraron agogon nan. Magana ɗaya ce ta rage masa, ya ce Natan Ilyich buɗe ka gani. Sau nawa ya buɗe baki! Amma ya tuna warin angurya, ya tuna sabuwar hular mahaifinsa, ya ce bari dai Reshat ya shigo tukuna. Reshat bai shigo ba. 'Yar tutar agogon ta faɗi, alamar awa ta cika, tsoho ya ninke jarida ya miƙo masa hannu, shi kuma ya karɓa. Kafin azahar Mirsoat ya raba faranti uku na alewa kyauta a kasuwa, kuma har ya koma ga Allah ba ya kiran ɗansa da suna a gaban mutane, sai dai gwarzonmu.

Daga baya aka ji dalili. Iyalin Reshat sun daɗe suna jiran a ba su wurin kaya a jirgin da zai mayar da su ƙasar kakanninsu, sai ga mota ta zo da asubar ranar, aka ce ko yanzu ko sai baɗi. Wasiƙa biyu Reshat ya aiko daga can. Turgun ya karanta su har takardar ta yi laushi, bai amsa ko ɗaya ba. Me zai rubuta? Abin haushin ma, bayan mako uku yana zaune yana shan shayi sai ya ga mafitar da ya kasa gani: da ya sadaukar da dokinsa, da sarkin Reshat bai sami wurin ɓuya ba, da canjaras aka yi. Da aka ba shi makullan gidan ya birkice ko'ina yana neman ambulan ɗin bai gani ba. Natan Ilyich ya bi 'ya'yansa ƙasar waje ya rasu a can, Turgun ya sa a ransa cewa da shi ya tafi. Ashe yana nan ƙarƙashin kabad, taku uku daga inda yake tsayawa yana dukan tebur.

Yanzu ga Hulkar ta haska zanen da wayarta. Kafin ƙiftawar ido manhajar ta fitar da abin da ya ɗauke shi mako uku: wasa daidai yake, amma da taku ɗaya tak, a ba da doki. Ta ɗago kai fuskarta cike da murna.

"Shi kuka rubuta, ko ba haka ba, Ustoz? Kada ku faɗa, na sani."

Ya yi tari, ya ce ƙurar akwatin nan za ta kashe mutum. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi kuwa ranar ko inuwarsa ce ta motsa sai gabansa ya faɗi.

Ba ta tsaya nan ba, 'yar albarka. Ta sa hoton ambulan ɗin a shafin gidan dara, ta rubuta cewa ga wasan da ya shekara talatin da huɗu yana jiran a ƙarasa shi. Kwana huɗu sai ga saƙo daga 'yar Reshat. Mahaifinta na nan da ransa, ya ga hoton ya yi kuka, kuma ya ce a gaya wa alƙaliya ta riƙe masa kujerarsa, ɗan makara ya yi. Zai zo ranar buɗe sabon zaure. Gari ya ɗauka. A ɗakin shan shayi, a wurin aski, a bakin masallaci, kowa sai ya tare Turgun ya ce za su zo su ga takun da ya ɓoye. Tsofaffin ɗalibansa har daga Tashkent suka ce suna tafe. Duk mutanen nan za su zauna su ji cewa malamin da ya rene su a kan gaskiyar takarda, kujerarsa ma ba tasa ba ce.

Ranar Juma'a da hantsi, ana gobe taro, Saltanat ta ɗauki kwando ta tafi kasuwa. Turgun ya rufe ƙofa. Tun jiya ya ɗauko ambulan ɗin daga kabad, wai kada ɓera ya ci, ya kuma zaro wata tsohuwar takardar wasa da ba a rubuta komai a kanta ba, ta yi ja saboda daɗewa. Ya ɗora buta a wuta. Dabarar ba wuya: tururi ya sassauta bakin, ya zare tsohuwar, ya saka sabuwa mai takun doki, ya mayar ya liƙe. Gobe a yi canjaras, a tafa, kambu ya zama nasa na halak. Wa aka cuta? Ai takun na nan a allon tun ranar, idonsa ne kawai ya makara.

Ya zauna ya fara rubuta wasan daga ka, don ko a mafarki aka tashe shi zai kawo shi. Sai dai kowane taku da abin da ya jawo. A na sha biyu ne maɓallin rigar Reshat ya tsinke, don shi in yana tunani sai ya yi ta murza maɓalli, ya gangara ƙarƙashin tebur, suka sunkuya tare suka yi karo da goshi, zaure ya fashe da dariya. A na ashirin da biyar Natan Ilyich ya kawo musu shayi yana tafiya da sanɗa kamar mai tsoron tashin jariri. A na talatin da uku Reshat ya ɗago kai ya kashe masa ido, wato yau ka shiga hannu, abokina. Kai, duniya! Lokacin duk suna nan, murhu na ci, furen bishiyar urik ya rufe tagar baya, kuma babu wanda ya san cewa wannan ne zaman ƙarshe.

Ya kai na arba'in ya tsaya. Ya dubi rubutun, manya-manyan baƙaƙe masu rawa, rubutun tsoho ƙarara. Ba wannan ne ya tsayar da shi ba ma. Mutum ne ya taso daga wata uwa duniya da sandarsa zai zo ya zauna a gabansa. Wancan karon shiru ya yi aka cuci Reshat. Wannan karon da hannunsa zai yi.

A haka Saltanat ta same shi, buta na ta huci, ɗaki ya cika da tururi. Ta dubi ambulan, ta dubi takarda, ta dubi mijinta, ta kira shi yadda matan garin ke kiran mazajensu.

"Dadasi, shayi kake dafawa ko wasiƙa?"

Bai taɓa gaya wa kowa ba, sai ga shi yana zayyana mata tun daga hular mahaifinsa har faɗuwar tuta, kansa a ƙasa. Ta ajiye kwando ta zauna ta saurara har ya gama. Ta ce dama ta daɗe tana mamakin yadda duk aka kira shi gwarzo sai ya ɓata rai kamar an zage shi, ta ɗauka miskilanci ne irin na danginsu. Sannan ta tashi ta kashe wutar.

"Ni dai lokacin da na aure ka warin angurya kake yi, ban ga wani kambu ba. Ka mayar musu da abinsu yadda ka ɗauko shi."

Ya yayyaga sabuwar takardar ya jefa cikin tanderun gurasa. Bayan sallar Juma'a ya mayar da ambulan kabad.

Asabar da sassafe aka yi osh, dafa-dukan shinkafa da nama, na tarbar baƙo a ƙofar sabon zaure, tukunya guda ta mutum ɗari. Mota ta tsaya, wani ƙaton tsoho mai sanƙo ya fito yana dogara sanda. Da ba don yadda hannunsa ke murza maɓallin riga ba, da Turgun bai gane shi ba. Suka rungumi juna suka daɗe ba su saki ba. Reshat ne ya fara ja da baya, ya ƙare masa kallo ya ce wa ya tsotse shi haka, ko Saltanat ta daina dafa abinci? Turgun ya ce ai ga inda abincin ya tafi, tumbin nan kaɗai ya isa a biya masa kujera biyu a jirgi. Suka yi dariya hawaye na zuba.

Suka zauna a faranti ɗaya kamar da. Reshat bai bar shi ya sa baki ba. Ya ba shi labarin filin duwatsun da suka samu a can, yadda suka shekara biyu a rumfar kwano kafin ya gina gida da hannunsa, yadda ya ƙare a gyaran wutar lantarki, ba allo ba abokin wasa. Ya ce yakan gaya wa jikokinsa cewa saura ƙiris ya zama gwarzon Kokand, su kuwa 'yan banza sai su ce kaka ya fara kurin nasa. Ya ce takun dokin nan a rana ta biyu cikin jirgi ya gano shi, ya san Turgun ba zai kasa ganinsa ba. Sai ya sassauta murya ya dafa masa gwiwa.

"Ba wasa ya kawo ni ba, Turgun. Hannu na zo in ba ka a kan canjaras, in kuma roƙe ka gafara. Na bar ka zaune kana jira, ko sallama ban yi maka ba. Da ka ƙi amsa wasiƙuna na ce ka yi daidai."

Turgun ya ce Reshat, tsaya ka ji, sai ga masu shirya taro sun zo sun ɗaga su, wai manyan baƙi sun zauna.

An jera 'ya'yan dara yadda zanen ya nuna. An gyara ɗaya daga cikin tsofaffin agogunan an ajiye a gefe. A bango ga ƙaton allo mai haske da aka haɗa da wayar Hulkar, da ta shigar da taku kowa zai gani. Zaure ya cika kamar wancan karon, sai dai babu mai sabuwar hula a layin gaba. Hulkar ta ɗaga ambulan ta nuna sa hannun uku, ta yanka bakin da wuƙa, ta miƙa wa Reshat takardarsa, ta buɗe ta Turgun, ɗan yatsanta na kan waya.

Ya ga lokacin da idonta ya sauka a layi na arba'in da ɗaya. Murmushin ya tafi. Ta sake karantawa. Ta dube shi, shi kuma ya dubi allo. Sannan ya ga ta ninke takardar a hankali ta danne ta a ƙirji, idonta ya koma kan baƙin dokin, yatsanta ya fara matsawa wajensa a fuskar waya. Ta san takun, kowa ma shi yake jira, babu wanda zai ce a nuna masa takarda. Yarinyar da ya koya wa riƙe alƙalami, wadda ta taɓa fitar da ɗan babban mutum daga gasa don ya goge taku ɗaya, ita ce za ta yi ƙarya a gaban gari saboda shi. Wannan ya fi masa komai ciwo.

Babu rula a hannunsa, sai ya daki tebur da tafin hannu har 'ya'yan dara suka yi tsalle.

"Karanta abin da ke takarda, 'yata. Da ƙarfi."

Ta karanta: "Na sallama."

Turgun ya sa yatsa ya kwantar da sarkinsa. Ya miƙe ya juya wajen jama'a, ya faɗa musu a taƙaice, ba ado ba neman uzuri: ya sallama wasan tun ranar, ya ɓoye a ambulan don kunyar mahaifinsa, da abokinsa bai zo ba ya yi shiru ya karɓi abin da ba nasa ba. Ya ce gwarzon Kokand na wannan shekarar ga shi nan zaune. Ba tafi ba tsaki a zauren, wasu daga cikin ɗalibansa suka sunkuyar da kai. Ya koma ya zauna yana jin kamar an tuɓe shi a kasuwa, amma numfashinsa na fita yadda ya daɗe bai fita ba.

Reshat ya miƙa hannu Hulkar ta ba shi takardar. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallon kalmomin nan biyu. Ya dubi tasa takardar, rubutunsa na ƙuruciya, siriri mai kwanciya gefe. Da ya yi magana a hankali ya yi, sai na kusa ne suka ji.

"Saboda wannan ka ƙi amsa mini?"

"Saboda shi."

"Jaki kawai. Kambun ka ci, ka ci lafiya, ni da nake kan hanya ina zan kai shi? Aikin ma kai ya dace da shi, dubi mutanen da ka tara. Amma shekara talatin da huɗu ina zaton ni na yi maka laifi. Uwata har ta rasu tana tambaya ko Turgun ya rubuto."

Nan Turgun ya kasa riƙewa. Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza, a gaban ɗalibansa da manyan baƙi da kowa. Reshat bai rarrashe shi ba, ya bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ya turo masa takardun biyu da alƙalami, ya ce wasa ba ya ƙarewa sai an rubuta sakamako, ko ba haka yake koya wa mutane ba? Turgun ya share ido, ya rubuta ɗaya ga farare, sifili ga baƙaƙe, a kowace takarda, ya sa hannu. Reshat ya sa nasa, ya ninke tasa ya cusa a aljihun ƙirji ya dafe, ya ce bari ya ga bakin da jikokin nan za su sake yi masa dariya da shi. Hulkar ta shigar da sakamakon, ya fito a bango, sai a lokacin wani daga baya ya fara tafi, saura suka bi a hankali.

Turgun ya miƙa hannu. Reshat bai karɓa nan take ba. Ya jawo tsohon ambulan ɗin da aka yanka, ya juya inda babu zane, ya yi rubutu layi uku, ya tura masa.

"Ba na son saƙon waya. Takarda nake so, da hannunka, ko da taku ɗaya ne a wata. Kai ke da farare."

Sannan ya kama hannun ya riƙe gam. Turgun ya ɗauki ambulan ɗin da ɗaya hannun ya karanta adireshin. Bai canza ba, shi ne wanda ke bayan wasiƙa ta biyu, kuma tun wancan lokacin ya haddace shi.